Kwangilar ɗakin laccar da ta hana ni barci

Duk safiya in zan shiga ofis sai na bi ta gaban wani kangon ɗakin kwanan ɗalibai a jami'ar da nake aiki. Ginin ya tsaya a linta tun 2023, rodi ya fito sama duk ya yi tsatsa, ciyawa ta cika ɗakunan, awakin mutanen kwatas sun mayar da shi wurin kwana. Ni na ƙididdige kayan ginin nan da hannuna, buhu nawa na siminti, tan nawa na rodi, don aikina kenan a sashen ayyuka, kuma ina cikin kwamitin da ya ba da shawarar a ba wanda aka ba. Yaran da ya kamata su kwana a ciki yanzu haka suna haya a bayan gari, wasu mata ne, sai sun hau Keke Napep biyu kafin su iso lacca ta ƙarfe takwas.

Abin da ya faru a wancan karon ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Mutumin ya zo da farashin da ya gaza ƙiyasinmu da kusan kashi ɗaya cikin uku, dukkanmu a ɗakin mun san kuɗin ba za su yi aikin ba, amma takardunsa sun cika, kuma babu wani layi a takardar tandarmu, wato takardar sharuɗɗan neman kwangilar, da za mu riƙe mu ce ga dalilin da muka tsallake shi. Aka ba shi, ya karɓi kuɗin fara aiki, ya zuba fandisho ya ɗora bulo, ana cikin haka aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, komai ya tashi, shi kenan wayarsa ta daina shiga. Zan yi masa adalci, tashin farashin nan ya taɓa kowa, amma sauran 'yan kwangilar da suka yi lissafi na hankali tun farko sun zo an zauna an duba ƙarin kuɗi sun ƙarasa ayyukansu. Shi kuwa ko ba a cire tallafi ba da wuya ya kai rufi. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, mu muka saya.

To a 2024 sai ga kason TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ya zo, aka ce za a gina ɗakin lacca mai cin mutum 500. Kuɗin nan ina ganin girmansu sosai, saboda na san da wahala aka samo su, yajin aikin ASUU na 1992 ne ya haifar da dokar harajin ilimi ta 1993, daga baya a 2011 aka mayar da asusun TETFund, kamfanoni ke biya daga ribarsu, da kashi 2 ne har ya kai kashi 3 a 2023. In ka cire gine-ginen asusun nan a yawancin jami'o'inmu na gwamnati abin da zai rage kaɗan ne. Da daraktanmu ya kira ni ya ce zan sake shiga kwamitin tantancewa sai na ce masa ranka ya daɗe in dai irin na wancan karon za a yi don Allah a sa wani. Ya ce zauna tukuna. Ya jawo dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 daga durowa, wadda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu, ya buɗe wurin da ake maganar wanda za a ba aiki ya ce in karanta a hankali. Dokar ba ta ce a ba mafi arha kawai ba, cewa ta yi a ba mafi ƙarancin farashi a cikin waɗanda aka tantance aka ga sun cika sharuɗɗa. Ya ce to su wa ke rubuta sharuɗɗan? Mu ne. Kuma dokar ta hana a auna ɗan kwangila da wani ma'aunin da ba a rubuta a takardar tanda ba tun farko, wato in ba ka sa inganci a bakin ƙofa ba babu tagar da za ka shigo da shi daga baya. Tun ran gini tun ran zane.

Sati biyu muka yi a kan takardar nan, ni da injiniyanmu na gini da mai zanen gini da jami'in sashen saye-saye. A da abin da muke yi kawai mu ɗauko tsohuwa mu canza sunan aiki da kwanan wata. Wannan karon muka raba maki ɗari, 30 ga ayyuka irin wannan da kamfani ya taɓa gamawa cikin shekara biyar, 25 ga ma'aikatan da zai ajiye a wurin aiki, 20 kayan aiki, 15 tsarin yadda zai yi aikin da jadawalinsa, 10 ƙarfin aljihu, wanda bai kai 70 ba ko ambulan ɗin kuɗinsa ba za a buɗe ba. Muka ƙara layi biyu waɗanda su ne suka cece mu daga baya. Na farko jami'a na da damar zuwa ta ga duk aikin da ka ce ka yi ta kuma kira duk ma'aikacin da ka rubuta sunansa. Na biyu in farashinka ya yi ƙasa sosai za a nemi ka fasa shi dalla-dalla a rubuce, in ka kasa nuna yadda kuɗin za su yi aikin ana iya ajiye ka. Sannan muka rubuta kaurin kwanon rufi milimita 0.55, girman kowane rodi, da cewa duk zubin kankare sai an ɗebi samfur an kai gwaji a kwana 7 da kwana 28.

Jami'in saye-sayen ya taka mana birki a wuri ɗaya kuma gaskiya ya faɗa. Mun so mu ce dole kamfani ya mallaki injin kwaɓa kankare da tifa da sauransu nasa na kansa, ya ce in kuka yi haka kun kori duk ƙananan 'yan kwangilar garin nan kun bar wa manya uku ko huɗu, kuma gobe wani zai ce an ɗinka rigar ne daidai jikin mutum ɗaya. Sai muka ce takardar yarjejeniyar haya ma ta wadatar in dai ta gaskiya ce.

Aka buga talla a jaridu biyu da mujallar tanda ta gwamnatin tarayya. Daga ranar wayata ba ta huta ba. Wanda ya fi yi mini nauyi wani dattijo ne daga garinmu, abokin mahaifina, ya zo har gida bayan magariba da ɗansa, ya ce ɗana ga ƙaninka nan ya sa takarda, ka san yadda za ka yi. Na durƙusa na gaishe shi na ce Baba wallahi abin da zan iya yi masa shi ne in ce ya karanta sharuɗɗan da kyau, kuma gobe ma sai na sanar da ofis a rubuce cewa na san shi don kar in taɓa fayil ɗinsa. Bai ji daɗi ba, har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba, abin yana damuna.

Ranar buɗewa ƙarfe goma sha biyu daidai aka rufe akwati. Wani ya iso da 'yan mintuna yana haki, ya ce motarsa ce ta mutu a hanya, na tausaya masa amma haka ya koma da ambulan ɗinsa. Kamfani 23 suka saka, kowa da ambulan biyu, ɗaya na ƙwarewa ɗaya na kuɗi. Akwai 'yan sa ido biyu kamar yadda doka ta ce, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru ɗaya daga ƙungiya mai zaman kanta, aka buɗe na ƙwarewa a gaban kowa, na kuɗin kuma wakilan kamfanoni suka sa hannu a kan bakin kowane ambulan aka kulle a sef.

Zagayen farko na takardu ne, rajistar kamfani ta CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, satifiket na hukumomin fansho da horaswa da inshorar ma'aikata, wato PenCom da ITF da NSITF, shaidar rajista a rumbun BPP, hukumar da ke kula da sayen kayan gwamnati, rantsuwar kotu. Nan mutum shida suka zube, har da ƙanin nawa kamar yadda aka gaya mini daga baya. Wannan matakin ba ya nuna maka wa ya iya gini, yana nuna maka wa ya iya haɗa fayil ne kawai, kuma a da iyakar tantancewarmu kenan.

A zagaye na biyu ne ido ya raina fata. Ina cikin duba sunayen ma'aikata sai na ga fuskar wani injiniya kamar na gan ta ɗazu, na koma baya, ashe mutum ɗaya ne a kamfani uku, lambar rajistar injiniya ta COREN ɗaya, hoto ɗaya, sa hannu kala uku. Shugaban kwamiti ya sa aka kira shi a gabanmu aka sa wayar a sifika, bawan Allah ya ce shi yana Abuja yana aiki da wani kamfani dabam, biyu daga cikin kamfanonin ko sunansu bai taɓa ji ba, na ukun ya taɓa ba su takardunsa shekarun baya. Haka hoton injin kwaɓa kankare, guda ɗaya ne a fayil biyu, har da yaron da ke tsaye a gefensa da jar riga.

Sai zuwa ganin ayyuka. Wannan shi ne abin da ban taɓa yi ba a duk shekarun da na yi ina wannan aiki, kuma shi ne ya fi komai amfani. Kwana huɗu muka yi a mota ni da injiniya da wani farfesa ɗan kwamiti, jiha uku muka taka. A wata kwaleji muka tarar da ginin da aka nuna mana a hoto yana sheƙi, shekararsa uku kacal. Injiniya ya zagaya baya inda filasta ta ɓare ya ciro makullin mota ya karci bulo, sai ga shi yana zuba kamar garin kwaki, ya ce wannan buhu ɗaya an buga sama da hamsin da shi, alhali bulo mai inci tara na kirki talatin da 'yan kai ake fitarwa. Muka shiga ciki silin duk taswirar ruwa. Ni dai na koyi wani abu a tafiyar nan, in kana son gaskiyar gini kar ka tsaya a ofishin shugaban makaranta, nemi mai gadi ko mai shara. Wata baiwar Allah mai shara ta ce mana, yallaɓai in hadari ya taso bokiti bakwai nake jerawa a ɗakin nan, ta nuna mana inda take ajiye su a ƙarƙashin bene.

A wata jihar kuma muka ga akasin haka. Ɗakin taro ne da ya shekara biyar, na sa hannu na shafa ginshiƙi sumul babu ramuka irin na kankaren da ba a girgiza ba, ƙofofi suna rufuwa ba sai an sa kafaɗa ba, magudanar ruwan rufi an yi mata gangara yadda ya kamata. Mai gadin ya ce mai kamfanin da kansa ya dawo bayan damina ta farko ya hau sama ya duba ba wanda ya kira shi. Farfesa ya tsaya ya yi shiru can ya ce Allah Ya sa wannan ya ci. Kamfanin nan shi ya zo da maki 91.

Bakwai suka haye 70. Aka mayar wa sauran ambulan ɗinsu na kuɗi a rufe yadda suka kawo, aka kira bakwai ɗin aka buɗe nasu ana karanta farashi da ƙarfi kowa yana rubutawa. Da aka karanta na wani sai ɗakin ya yi tsit, ya gaza ƙiyasinmu da kashi 28 cikin ɗari. Gabana ya faɗi, kangon nan ne kawai ya faɗo mini a rai.

Na kwana a kan takardar farashinsa. A kankare na kama shi. Kwaɓin 1:2:4, wato siminti ɗaya yashi biyu tsakuwa huɗu, kowace mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi tana cin buhu shida da ɗan wani abu, kuma a shekarar siminti ya riga ya haura naira dubu goma tun watan Fabrairu kafin ya ɗan sauko. Kuɗin da ya sa wa mitar kankare ko simintin kaɗai ba za su saya ba, ba a zo maganar yashi da tsakuwa da ruwa da lebura da man inji ba. Hanya biyu ce ke gabansa, ko ya rage siminti a ginin da yara ɗari biyar za su zauna a ƙarƙashinsa, ko ya karɓi kuɗin fara aiki, wanda yanzu doka ta yarda ya kai kashi 30 bayan da can 15 ne, ya tafi. A watan Yulin shekarar ne ginin wata makaranta ya rufta wa ɗalibai a Jos mutum 22 suka rasu, hotunan iyayen nan suna idona lokacin da nake wannan lissafi.

Muka rubuta masa ya fasa farashin. Kafin amsarsa ta zo ya tare ni a wajen masallaci bayan azahar ya ce Malam kai fa ka san aikin nan, bari mu shiga tukuna sauran a gyara a gaba. Na ce Alhaji gyaran gaban nan shi ya bar mana wancan, na nuna masa kangon da hannu, ka sa amsarka a takarda kawai. Kuma na sanar da shugaban kwamiti cewa ya tare ni. Amsar da ya aiko shafi ɗaya ce, wai yana da tsohon siminti a sito, babu rasit babu adireshin sito, kuma simintin da ya daɗe a ajiye ai ƙarfinsa raguwa yake yi. Kwamiti ya ajiye shi da dalili a rubuce. Ya kai ƙorafi wurin shugaban jami'a cikin kwana 15 na aiki da doka ta ba shi, aka nemi fayil muka kai da lissafin da hotuna da komai, aka amsa masa, yana da damar wucewa BPP amma bai wuce ba.

Yanzu ga abin da har yau yake ci mini rai. Bayan an cire shi, na gaba a arha makinsa 72 ne, da kyar ya haye. Mai maki 91 ɗin nan yana sama da shi da kashi 3 cikin ɗari kawai. Kashi uku! Amma a tsarin da muke kai da zarar ka haye 70 an shafe allo, mai 72 da mai 91 duk ɗaya ne, farashi ne kaɗai zai yi magana. Na ce a zaman, yanzu duk tafiyar da muka yi da abin da muka gani da idonmu ba zai sayi ko kashi uku ba? Abin mamaki dokar nan ɗaya ta yarda a haɗa inganci da farashi in masu ba da shawara za a ɗauka, irin masu zane da injiniyoyin duba aiki, a ba ƙwarewa nata kaso a ba kuɗi nasa a tara. Wato wanda zai zana ginin ana auna ƙwarewarsa har ƙarshe, wanda zai zuba kankaren kuma a'a. Bankin Duniya ma tun Satumbar 2023 ya wajabta sa makin inganci a yawancin manyan kwangilolin da yake ba da kuɗinsu waɗanda ake buɗe wa kamfanonin duniya.

Jami'in saye-sayen ya ba ni amsar da ban iya watsarwa ba. Ya ce Malam farashi da ƙarfi ake karanta shi a gaban kowa, ba wanda zai iya canza shi da daddare, amma maki a bakin alƙalaminmu yake. Yau ku ne a kujerar nan, gobe wasu ne, ka ba su damar cewa wannan ya fi inganci ka ga yadda ɗan gidan wani zai riƙa cin 95 kullum. Ya tuna mana yadda ake raba kwangila kafin zamanin Obasanjo ya kawo ofishin bin ƙa'ida wanda Oby Ezekwesili ta riƙe, ya ce tsoron wancan ne ya sa aka ɗaure dokar a kan farashi. Na yarda da tsoronsa ɗari bisa ɗari. Amma ni a ganina maganinsa shi ne a sa makin ma a rana, a rubuta yadda za a raba shi tun a talla, kowane ɗan kwamiti ya ba da nasa shi kaɗai ya sa hannu, a karanta makin a bainar jama'a kafin a taɓa ambulan ɗin kuɗi, duk wanda ya faɗi a ba shi takardar makinsa ya ga inda ya zube. Ko kashi 30 aka ba inganci aka bar wa farashi 70 da mai 91 ne ya gina mana ɗakin nan. Na rubuta wannan a rahoton da na miƙa wa darakta, sannan na sa hannu a kan mai 72 saboda shi doka ta ba.

Aka wuce da shi kwamitin ba da kwangila, aka kai takardu TETFund, su kuma kashi-kashi suke sakin kuɗin gini, 50 da farko, sai 35 in sun zo sun gani, sai 15 a ƙarshe. Ɗan kwangilar ya kawo garantin banki ya shiga aiki, mu kuma muka tare a wurin. Ba mugun mutum ba ne, amma sai an tsaya a kansa. Tirelar rodi ta farko injiniya ya sa ma'auni, wanda aka ce kaurinsa milimita 12 ne sai ga shi 11 da kyar, aka mayar. Ranar zuba kankaren saman ginin tun asuba ina wurin ina ƙirga buhun da ke shiga inji har bayan isha'i, da hunturu ne, iska na busar da kankare kafin ya kama, sai da muka yi ta faɗa kafin ya kawo tankar ruwa aka riƙa jiƙa shi safe da yamma aka rufe da buhuna. Samfur ɗaya ya faɗi gwajin kwana 28, ginshiƙi biyu aka fasa aka sake da kuɗinsa. Ya yi fushi ya ce ni na sa masa ido, na ce Alhaji 'yata tana aji biyu a makarantar nan, a ɗakin nan za ta zauna.

An gama, an miƙa, ɗalibai sun fara shiga. Ruwan farko na bana da ya sauko da la'asar na bar ofis na tafi can da lema na tsaya a tsakiyar ɗakin ina kallon sama kusan minti arba'in. Wuri ɗaya ne ya ɗiga, ta kusurwar gabas inda magudana ta haɗu da bango. Na ɗauki hoto na rubuta masa, kashi 5 ɗinsa da aka riƙe suna nan ba za a sake su ba sai ya gyara. Takardar sake tallata kangon ɗakin kwanan kuma tana kan teburina yanzu, injiniya ya ce sai an fara gwada ƙarfin fandishon da rodin da ya sha damina uku kafin mu san ko za a ɗora a kai ko rushewa za a yi.